'Yar na'urar nan ta yatsa: na hau Bagzan da ita, na kwana Adis da ita

Mutum uku ke nan cikin satin nan suna tare ni da tambaya ɗaya, wai 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa tana nuna oksijin ɗin jini, oksimetir, a saya ko kuwa asarar kuɗi ce, na ƙarshen ma har gida ya biyo ni bayan isha'i don tsohonsa zai yi tafiya. To bari in faɗi abin da na gani da idona sau ɗaya kowa ya huta, don tawa ta sha yawo, ta hau dutsen Bagzan na ƙasar Abzin ta sauko, ta kwana Adis Ababa, kuma akwai daren da ta shara mini ƙaryar da saura ƙiris ta kai mu lahira ni da abokina.

A 2020 na saye ta, lokacin korona da kowa ya rikice. Inna tana da asma tun muna yara, da hazo ya taso sai ka ji ƙirjinta yana kuka tun daga zaure, shi ne na ce bari in ajiye abin nan a gida ko hankalina ya kwanta. Jaka goma sha biyu na biya a wani shago nan cikin gari, ba zan faɗi sunansa ba, yanzu kam na ga ta yi araha sosai. Yaron shagon ya rantse mini har da dafa ƙirji wai tana auna tansiyo ma, wlh ba ta aunawa, lamba biyu kawai take nunawa, ta sama an rubuta SpO2 ita ce oksijin, ta ƙasa bugun zuciya ne a minti ɗaya. Sati guda cur ina gaya wa Inna tansiyonta 78 ne tana cewa alhamdulillahi, sai da wani ɗan uwan matata anfirmiye ya zo gaisuwa ya yi mini dariya har da riƙe ciki. Duk wanda ya ce maka abin nan yana auna hawan jini ko suga, karɓi kuɗinka ka fita.

Girmanta bai wuce kwalin ashana biyu ba, pil biyu ƙanana take ci, irin na rimot ɗin tele. Sunan da ke jikin kwalin ban taɓa jin sa ba, 'yar Chaina ce dai. Ka buɗe bakinta ka sa yatsa ka danna maɓalli, cikin daƙiƙa goma lamba ta fito. In ka leƙa ciki za ka ga wani jan haske, ashe haske biyu ne, ɗayan ido ba ya ganin sa, suna ratsa yatsa su faɗa wani ɗan ido a ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen yankan ragon layya ya san jini kala biyu ne, akwai ja wur akwai mai duhu-duhu, to ja wur ɗin shi ne wanda ya ɗauko oksijin daga huhu, kuma kowanne da yadda yake shanye hasken nan, da haka take lissafinta. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970, ya ma rasu a 2020 ɗin da duniya ta koma neman na'urar tasa ido rufe.

A nan Damagaram ba wani labari. Garinmu bai kai mita 500 a saman teku ba, ni kullum 98 nake gani wani lokaci 97, Inna 95 ko 96 in tana lafiya. Yara suka mai da ita abin wasa, har kyanwa sun so su auna, na ƙwace na jefa ta cikin durowa.

Abin da ya fito da ita tafiyar Abzin ce. Ina da aboki, tun lakwal muke tare, yana sayo tafarnuwa da albasa da dankalin turawa daga can ya kawo Kasuwar Dole, ya daɗe yana yi mini gorin wai ban san ƙasata ba, daga Zango sai Birni. Wani Janairu na ce mu je. Tanut, Adarbisinat, Agadas, daga nan muka shiga katkat zuwa Tabelot, daga gindin dutsen kuma sai ƙafa da jakuna. Mutanen saman Abzinawa ne, Kel Ewe, waɗanda ayarinsu ke ɗauko gishiri da dabino daga Bilma su sauko Damargu da nan wajenmu su sayi hatsi, shi ya sa dattawansu da yawa suna jin Hausa rau. Ƙauyukan suna kan wani shimfiɗaɗɗen fili wajen mita 1,500 zuwa sama, ƙololuwar kuma, Idukal-n-Tages, mita 2,022, duk Nijar babu inda ya kai ta tsawo.

Hawan nan kam na sha wuya, ba na ɓoyewa. Ba mu yi rabi ba na ji ƙirjina kamar ana dakan sakwara a ciki, na zauna kan wani dutse na ciro na'ura, 90, bugun zuciya 128. Gabana ya faɗi. Na ce wa abokina shi ke nan oksijin ya ƙare mu koma, ya ce kai dai Malam tumbinka ne ya ƙare ka. Na huta kamar minti goma na sake aunawa, 95. Muna nan sai ga wani dattijo ya biyo mu da silifas da sanda, rawani ya rufe fuska sai ido, ya kusa saba'in, yana hawa yana hira da jikarsa da ke kora jaki, ko haki babu. Na ce Baba don Allah kawo yatsanka. Ya miƙo yana kallona kamar mai duba, 95 shi ma, amma zuciyarsa 76. Ya ce ɗana me ta ce, na ce ta ce ka fi ni lafiya, ya ce ai wannan ba sai an sayi inji ba. Nan na fara gane cewa lambar sama kaɗai ba ta ba da labari, a haɗa da ta ƙasa, kuma kar a auna mutum yana cikin haki, a bari ya zauna ya natsu tukuna.

A gidan dattijon nan muka sauka. Washegari da asuba, ruwan buta har ya yi ɓawon ƙanƙara a sama, na sa yatsa sai ta ƙi nuna komai, layi-layi kawai, can ta nuna 82 ta koma 79 ta mutu. Ni kuwa garau nake jin kaina. Ashe sanyi ne, in hannu ya sandare jini ba ya gudu sosai zuwa bakin yatsu, ita kuma bugun jinin take bi. Na riƙe kofin shayi na ɗan lokaci, na cusa hannu a hammata, na sake gwadawa 95. Da rana kuma wata matsala, hasken rana ya hana ka ganin gilashin kuma yana shiga ta gefe ya rikita ta, sai na riƙa lulluɓa hannuna da bakin rawani kamar mai cin goro a ɓoye. Duk wannan babu shi a 'yar takardar cikin kwali, ko kuma yana nan da rubutun da sai ka sa gilashin tsofaffi.

Dare na biyu shi ne wanda ba na mantawa. Ɗari ya yi ɗari, irin mai shiga ƙashi, saboda duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da digiri 6 da wani abu, ga shi dama Janairu. Ɗakin da aka ba mu ƙarami ne, na dutse da laka, ƙofa ɗaya. An gama shayi na uku mutane sun watse, abokina ya ce kar a yi asarar garwashin nan, ya jawo mangal ɗin ciki ya ƙara gawayi, ni kuma da hannuna na toshe ƙasan ƙofa da buhu don iska na shigowa, muka ja bargo muna ta yaba wa kanmu da dabara. Wajen ƙarfe biyun dare na farka kaina kamar an buga mini taɓarya, zuciya na tashi, na yunƙura in zauna ɗakin ya juya. Na ce to ciwon tsauni ne da ake faɗa ya kama ni, na lalubo na'ura da fitilar waya na sa yatsa. 99. Tun da muka hau dutsen ban ga 99 ba sai a daren nan. Wlh na ji daɗi, na ce ashe gajiya ce kawai, na mai da kai na kwanta. Allah ya sa abokina ya fara kelaya amai da ƙarfi, Baba kuma ya tashi nafila ya ji, ya banko ƙofar da kafaɗa, bai ce mana uffan ba ya ɗauki mangal ɗin ya wurga waje, ya ja mu ɗaya bayan ɗaya kamar buhun albasa ya zube mu a tsakar gida cikin sanyin nan. Sai da muka daɗe muna shaƙar iska muna rawar ɗari kafin ya ce, yarana wa ya ce muku ana rufe ƙofa da gawayi. Ciwon kan bai sake ni ba sai bayan azahar.

Da muka dawo na ba anfirmiyen nan labari, wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska, karbon monoksid, ba wari ba kala, tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau 200 da ɗoriya, ta hau kujerarsa ta zauna, kuma jinin da ta kama ja wur yake zama, ita kuwa na'urar yatsa kala take gani, sai ta lissafa shi a matsayin mai oksijin. Wato lokacin da jininka ya fi lalacewa lokacin take ba ka lamba mai kyau. A kan dutse abin ya fi muni don dama abin da kake shaƙa ya ragu. Kuma fa ba sai an je Abzin ba, nan cikin Damagaram mata nawa ke shiga ɗaki da kaskon wuta lokacin ɗari, mai jego da jariri, a rufe ƙofa da taga. In kai na ciwo a ɗaki mai gawayi ko janareto a kusa, a fita waje kawai a nufi gidan likita, kar a tsaya tambayar na'ura.

Sai rigimar fada, majalisarmu ta hira. Ina ba da labarin 90 ɗin nan ana shayi, wani ya ce ai dole, can babu itatuwa, itace ne ke ba da oksijin, dutse kuwa ƙwam yake. Kusan kowa ya yarda, ni ma na gyaɗa kai. Akwai wani malami da muke kira Mushe da ke zama da mu, yana koyar da fizik a lise, ya bari muka gama sannan ya ce duk kun faɗi. In ka kasa iska kashi 100, kusan 21 oksijin ne, a nan fada 21, a tsakiyar Tenere inda ba ko ciyawa 21, a kan Bagzan 21, a kan Eberest, dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya, ma 21, don iska ba ta zama wuri ɗaya, kullum cikin gauraya take. Abin da ke canzawa nauyin iskar da ke bisa kanka ne. Ya ɗauko tiya ya ce ku duba, in kin zuba gari sako-sako tiya ta cika, in kin danna da hannu kin ƙara ita ma tiya ɗaya ce, amma wacce ta fi yin tuwo? Huhunka tiya ne, girmansa bai canza ba, a ƙasa iskar a danne take don duk ta sama tana kanta, in ka hau sai ta zama sako-sako, ka ja numfashi ɗaya ka samu kaɗan. A bakin teku nauyin 1,013 ne da ma'auninsu, a mita 2,000 ya sauko wajen 795, kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi ke nan, a mita 5,500 saura rabi, a kan Eberest mai mita 8,849 saura kamar kashi ɗaya cikin uku.

Ni misalin tiyar nan ya zauna mini, don ya warware mini wani abu da na gani can ban gane ba. Matar gidan ta ɗora mana wake tun hantsi har la'asar yana ƙwas-ƙwas, na ɗauka tsohon wake ne. Ashe in nauyin iska ya ragu ruwa yana tafasa tun bai yi zafi sosai ba, wajen digiri 95 a inda muke, a ƙololuwa 93, ka ga tukunya na ta ɓararraka amma zafin bai kai na gida ba.

Mushe bai tsaya nan ba, in ya fara ba ya jin kira. Ya ce ko a dutse ɗaya nauyin ba ya zama daram, yana ɗan hawa da sauka da yanayi, in hadari ya taso yakan ragu. A manyan duwatsu ya fi yawa lokacin zafi a kan lokacin sanyi, kuma dutsen da ke kusa da tsakiyar duniya ya fi wanda ke can kusa da ƙanƙarar arewa samun iska ko da tsawonsu ɗaya, wannan na cikin abin da ya sa wasu Turawa biyu, Messner da Habeler, suka iya hawa Eberest a 1978 ba tare da kwalbar oksijin ba. Zafin rana yana sa iska ta buɗe ta yi shara-shara, injin mota da jirgi suna jin haka sosai. Hazo kuma, wanda ni na ɗauka shi ke cinye oksijin, ya ce bai rage 21 ɗin ba, hanyoyin numfashi yake toshewa, shi ya sa Inna ke wahala ni ban ji komai ba alhali iska ɗaya muke shaƙa. Daga nan aka kira sallah, Allah ya cece mu.

Inda na'urar ta biya kuɗinta tafiyar Umara ce da Inna da ƙanwata. Ta Kano muka tashi, jirgin Habasha, da kwana ɗaya a Adis. Kafin tafiya na kai Inna wajen likita na gaya masa hanyar da za mu bi, ya duba ta ya ce lambar za ta sauka kar mu firgita, ta riƙe abin shaƙarta a hannu ba cikin akwati ba, ta yi tafiya a hankali, ya kuma faɗa mini lambar da in ta kai ta zauna a nan in nemi taimako. A cikin jirgi na auna, ni 93, Inna 90, ashe iskar cikin jirgi daidai take da ta dutse mai mita 1,800 zuwa 2,400, ka hau Bagzan kana zaune ana ba ka shinkafa. Adis kuma mita 2,355 ne, ya ɗara ƙololuwar Nijar, mutane na ta harkarsu ko a jikinsu, ba mamaki 'yan gudunsu ke addabar duniya. A masauki Inna ta hau matakala shida ta tsaya ta ce kai ɗan nan ƙirjina, na zaunar da ita na ɗumama mata hannu na auna, 89, ta yi shaƙa ta huta ta koma 91 zuwa 92, muka kwana ina tashi ina dubawa. Da ba na'urar da ko dai na tayar da hankalin kowa a garin da ban iya yarensu ba, ko kuma in yi ta zullumi har safe. Muna sauka Jidda, bakin teku, 96. Ƙanwata kuwa ta sha baƙin lalle har bakin farce, tata lambar sai tsalle take yi, sai da muka samu yatsan da lallen bai kama sosai ba. Jan lalle na Inna bai dame ta ba. Jan farce ma yana rikita ta, mata a kula.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu baƙaƙe wanda mai shago ba zai faɗa maka ba don shi ma bai sani ba. A ƙarshen 2020 likitocin jami'ar Mishigan a Amurka suka gwada lambar yatsa da ta jinin da aka ɗiba aka auna, suka ga baƙar fata ya fi fari kusan sau uku shiga halin da na'ura ke cewa lafiya alhali oksijin ya yi ƙasa. Wato takan yi mana ƙari. Shi ya sa ni in na ga 92 a yatsan Inna ba na cewa ai ta wuce 90, ina ɗauka kamar ƙasa da haka ne in dubi yadda take numfashi, tana iya gama magana ko tana yankewa, leɓenta ya canza ko bai canza ba. Mai ƙarancin jini ma za ta iya nuna masa 98, don ba yawan jinin take ƙirgawa ba, wanda ke akwai take dubawa ko ya ɗauki kaya.

To a saya ko kar a saya? In kana da tsoho mai asma ko ciwon zuciya ko wani ciwon huhu a gida, saya, musamman in akwai tafiyar jirgi ko ta Habasha a gaba, amma ka fara auna shi a gida yana lafiya kwana da kwanaki ka san lambarsa ta kullum, don saukar da ta yi daga nan ita ce abin dubawa. In ka samu dama ka je da ita gidan likita a gwada ta kusa da tasu, tawa ta fi tasu da ɗaya. In kuwa kai lafiyayye ne za ka hau Bagzan yawon buɗe ido, gaskiya ba ka buƙatarta, ciwon tsauni na sosai yawanci sai an wuce mita 2,500 yake fara kama mutane kuma duk Nijar ba mu da wurin da ya kai haka, gara ka sa kuɗin a bargo mai kauri da takalmi, ka sha ruwa da yawa don iskar can busasshiya ce tana tsotse mutum bai sani ba.

Ƙarfen jiki kam ba ta da shi. Murfin pil ɗin ya karye tun faɗuwar farko, da kyauro na ɗaure shi har yau, igiyar wuyan ta tsinke a Agadas. Pil ɗin banza na bakin tasha ba ya kwana biyu a ciki, kuma in za ka ajiye ta ka cire su, nawa sun taɓa zubar da ruwa sai da na kankare wajen da bakin reza. Amma shekarunta ke nan tana aiki. Yanzu haka ma ba ta hannuna, maƙwabcin nan da ya biyo ni bayan isha'i ya tafi da ita, na ce ya auna Baba safe da yamma har ranar tafiya ya rubuta a takarda, kuma ya dawo mini da kayata kafin hazo ya sauko.